Gubar dalma a jikin yaro: ƙwaya, ƙarin ruwa ko allura, wanne ya dace da wa?

Duk uban da aka ce masa an ga dalma a jinin ɗansa, abin da zai fara tambaya shi ne wane magani za a ba yaron, kuma a ina ake samunsa. Magungunan da ke kama dalma su fitar da ita daga jiki, aikin da likitoci ke kira kileshan, guda huɗu ne aka fi sani. Biyu na sha ne, wato succimer, wanda aka fi kira DMSA, da penicillamine. Biyu kuma sai an huda fata: calcium EDTA da ake sawa a ƙarin ruwa, da dimercaprol da ake kira BAL, allurar tsoka. Duka huɗun sun shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma ba su zama ɗaya ba, kuma ba son ran iyaye ne ke zaɓa a tsakaninsu ba. Abu uku ne ke zaɓa: yawan dalmar da gwaji ya nuna, halin da yaron yake ciki a wannan ranar, da irin asibitin da ƙafa za ta iya kaiwa.

Wannan magana ta shafe mu a Katsina kai tsaye. Daga Jibiya zuwa Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari, iyaka ɗaya muke da Zamfara, kuma samarinmu da yawa sun san ramin haƙar zinare. Sukan dawo da ƙura mai dalma a riga da takalmi, wani ma da buhun duwatsu da za a daka a tsakar gida. A cikin birnin Katsina da Daura kuwa akwai masu fasa tsohon batir su narka abin cikinsa, akwai masu like lagireto, akwai tsohon fenti da ke ɓarewa a bango, akwai tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarafa, sannan ga kwallin dutse da ake rambaɗa wa jarirai tun ranar suna, wanda da yawa daga cikinsa tamar dalma ce zalla. Yaro ƙarami jikinsa kan zuƙe dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa, kuma wanda ke fama da ƙarancin jini ko tamowa ya fi kowa zuƙa. Wanda ya san yawan yaran da ake kwantarwa saboda tamowa a jihar nan ya san abin da wannan ke nufi.

Kafin a zo kan kwatance, a fahimci abin da magungunan nan ke yi. Suna shiga jini su kama ƙwayoyin dalma su riƙe, sai ƙoda ta tace su tare, su fita ta fitsari. Iyakar aikinsu ke nan. Suna ceton rai idan dalma ta yi yawa har ta taɓa ƙwaƙwalwa, suna kwantar da ciwon ciki da amai, amma ba sa gyara abin da ta riga ta ɓata a kaifin basirar yaro. Na fara da wannan ne saboda shi ne tushen zaɓi na farko, wanda mutane ba su cika son ji ba: akwai yaran da abin da ya dace da su shi ne kada a ba su ko ɗaya daga cikin huɗun.

Ana auna dalma da maikurogiram a kowace desilita ta jini, kuma lambar da ta fito ita ce jagora. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta ce da zarar lamba ta kai 5, a nemo inda dalmar ke fitowa a raba yaron da shi. A Amurka ma sun sauko da tasu lambar faɗakarwa zuwa 3.5 a shekarar ta 2021. Amma maganin fitar da dalma sai lambar yaro ta kai 45, ko kuma tana tsakanin 40 da 44 likita ya ga dalilin da zai sa a fara. Wannan 45 ɗin tana da tarihi. An yi wani babban gwaji a Amurka da yara 780 masu wata 12 zuwa 33, waɗanda lambarsu ke tsakanin 20 da 44. An ba rabi succimer, rabi kuma ƙwayar da ba magani a cikinta. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna cewa dalmar jinin waɗanda suka sha maganin ta sauka na ɗan lokaci, amma da aka gwada basirarsu da ɗabi'arsu bayan shekara uku, ba su fi sauran da komai ba. Saboda haka idan likita ya ce maka lambar ɗanka 25 ce, ba zai rubuta magani ba, ka koma ka gyara gida ka inganta abinci, kada ka ɗauka ya yi maka rowa ko ya raina ciwon. Abin da ilimi ya nuna ya gaya maka.

Wani abin lura game da gwajin kansa: ƙaramar na'urar nan ta tafi-da-gidanka, LeadCare II, da ake ɗiga mata jinin yatsa, ba ta karanta abin da ya wuce 65, sai dai ta nuna cewa ya yi sama. Kuma idan ba a wanke yatsan da sabulu sosai ba, ƙurar da ke kan fata za ta iya ɗaga lambar. Don haka kafin a ɗora yaro a kan magani, a ɗebi jinin jijiya a tabbatar, sai fa idan yana jijjiga ne ba lokacin jira.

Succimer shi ne zan fi daɗewa a kai, domin shi ne ya fi dacewa da yawancin yaranmu, kuma shi ne aka fi gwadawa a kan 'ya'yan Hausawa. Kafso ne mai miligiram 100. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi domin yara a 1991. Yadda aka saba bayarwa shi ne miligiram 10 a kowane kilo na nauyin yaro, sau uku a rana har kwana 5, sannan sau biyu a rana har kwana 14, jimla kwana 19. Yaro mai kilo goma ke nan zai sha kafso 43 kafin a ce an gama zagaye ɗaya. Lissafin na likita ne, na kawo shi ne don iyaye su san girman aikin da ke gabansu.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Ɗan shekara biyu ba ya haɗiye kafso, sai uwa ta buɗe shi ta zazzage 'yan ƙwayoyin cikinsa a kan cokalin kunu ko koko. Da an buɗe, warin ruɓaɓɓen ƙwai ke tashi, saboda sinadarin farar wuta da ke cikinsa. Yaro ya sha sau ɗaya ya gane, gobe da ya hango cokalin sai ya datse haƙora ya kau da kai. Uwa ta matse shi a cinya, ta lallaɓa, ta bi da ruwa, rabi ya zubo ta gefen baki ta kwashe da yatsa ta mayar. Bayan kwana biyu fitsarinsa da numfashinsa da zufarsa duk sun ɗauki warin. A nan ne iyaye da yawa ke karaya, musamman da yake zuwa kwana na biyar yaron ya fara cin abinci yana wasa. Sai ka ji kaka ta ce wa ma'aikacin asibiti, "Ɗan nan, ai ya samu sauƙi, a bar shi haka ya huta da wannan abu mai ɗoyi." Amsar da ta dace ita ce, "Inna, ki yi haƙuri, sauƙin da kike gani na waje ne, dalmar tana nan a ciki. A cika kwanakin." Dabarar da ke taimakawa ita ce a zuba maganin a cokali ɗaya kacal, a ba shi nan take, kada a gauraya shi da kofi guda na kunu wanda yaron ba zai shanye ba.

Abin da ya sa na amince da succimer shi ne abin da ya faru a Zamfara. A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ana yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sa tashi. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu, kuma cikin waɗanda aka gwada jininsu kashi 97 bisa ɗari lambarsu ta kai 45 ko ta wuce. Gaba ɗaya an yi asarar yara kimanin 400. A ƙauyukan Dareta, Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji da sauransu, ba a da ɗakin kula da marasa lafiya na musamman, ba wutar lantarki tsayayya, ba isassun nas da za su tsaya kan ƙarin ruwa dare da rana. Succimer ne ya ɗauki nauyin aikin. Rahoton da aka buga a 2014 ya bi diddigin zagaye 3,180 na maganin a jikin yara 1,156, kuma ba a samu mummunar illar da za a jingina wa maganin ba. A matsakaici kowane zagaye ya rage dalmar jini da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, amma raguwar ta fi yawa nesa ba kusa ba ga yaran da aka kwantar, da waɗanda ake ba su maganin a gaban idon ma'aikaci. Wannan darasi ne babba ga duk ƙaramin asibitin da zai yi wannan aiki a nan: a riƙa ganin yaron yana haɗiyewa, kada a ƙulla kafso a leda a ce a dawo bayan mako uku.

Yana da nasa illolin. Yakan kawo tashin zuciya, amai, gudawa ko ƙuraje. Yakan ɗaga lambobin hanta, wani lokaci kuma ya rage fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa ake son a gwada hanta da jini kafin a fara da kuma a tsakiya. Yaro na bukatar shan ruwa sosai, abin da ya kamata a kula da shi a watannin bazara. Amma yana da falala biyu da ke da muhimmanci a wurinmu: ba ya kwashe sinadarin zinki da sauran ma'adinan jiki kamar yadda EDTA ke yi, kuma ana iya ci gaba da ba yaro maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a lokacin da yake shan sa. Babbar matsalarsa a ƙasar nan samuwa ce. Ba magani ne da za ka tarar a kemis ɗin unguwa ba, sai ta hannun babban asibiti ko hukuma, don haka a fara nema tun ranar da sakamako ya fito.

Calcium EDTA na ranar tsanani ne. Tun farkon shekarun 1950 ake amfani da shi a kan dalma. Hanji ba ya zuƙarsa yadda ya kamata, don haka ba a shan sa, ana sa shi a ƙarin ruwa ya riƙa sauka a hankali ta jijiya, yawanci kwana biyar, sannan a huta kafin a duba ko za a sake. Ana iya yin sa a tsoka idan jijiya ta gagara, amma zafinsa ya sa sai an haɗa da maganin kashe zafi. Yaron da lambarsa ta haura 70 ana son a kwantar da shi a sa masa ido ko da yana tafiya da ƙafarsa. Wanda kuwa ya fara jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko tafiya yana tangaɗi, to dalma ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma wannan ba shi da wurin zuwa sai babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a ranar, ba gobe ba. A nan EDTA ke da fifiko, domin yaron da ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya, kuma ana bukatar abin da zai shiga jini kai tsaye. Likitoci kan haɗa shi da succimer ta robar hanci, ko da BAL inda akwai shi.

Farashin wannan ƙarfi ƙoda ce ke biya. Duk dalmar da EDTA ya kamo ta ƙoda za ta bi, kuma shi kansa yana iya ji mata ciwo. Ba a fara shi sai an tabbatar yaro na fitsari, kuma kullum sai an auna fitsarin an gwada aikin ƙoda. Ka ɗauki yaron da ya kwana uku yana amai, idonsa ya faɗa, ga tamowa, aka kawo shi a babur daga ƙauye cikin rana: irin wannan sai an fara gyara ruwan jikinsa da taka-tsantsan, domin ruwa mai yawa ma na iya ƙara kumburin ƙwaƙwalwa. Aiki ne na ƙwararru, ba na mai allurar gida ba.

Akwai kuma kuskuren da ya kashe mutane, wanda nake so kowane mai ba da magani ya riƙe. EDTA iri biyu ne masu kusan suna ɗaya. Na dalma shi ne mai calcium a cikin sunansa. Ɗayan, disodium EDTA, ba shi da calcium, don haka da ya shiga jini sai ya kwashe na jikin mutum, zuciya ta tsaya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum uku da suka rasu tsakanin 2003 da 2005 sakamakon faɗuwar calcium a wajen irin wannan magani, biyu daga cikinsu yara ne da aka ba su wannan na biyun. Idan a can da tsarinsu hakan ta faru, mu da ake aiken ɗan'uwa kasuwa da takarda ya sayo magani ya kamata mu fi tsoro. A karanta kwalbar, a ga kalmar calcium da ido.

BAL shi ne dattijon cikinsu. Masana a jami'ar Oxford ta Ingila ne suka haɗa shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don maganin wani makami mai guba, daga baya aka ga yana kama dalma. Littattafan likitanci sun daɗe suna koyar da cewa idan dalma ta taɓa ƙwaƙwalwa a fara yin BAL, bayan awa huɗu a sa EDTA, saboda tsoron kada EDTA shi kaɗai ya tayar da dalma daga ƙashi ta nufi ƙwaƙwalwa. Amfaninsa na musamman shi ne yana fitar da dalma ta hanji ma, ba ta fitsari kawai ba, don haka yana da rana idan ƙoda ta yi rauni.

Amma a ganina, a ƙasar Hausa, BAL ya fi kowanne yawan sharuɗɗa. Allura ce mai zurfi a tsoka duk bayan awa huɗu, wato sau shida a yini da dare, kwana uku zuwa biyar, kuma tana da zafi ƙwarai, wani lokaci wurin ya yi ƙurji. Tana kawo zazzaɓi, hawan jini, amai da zubar yawu. A cikin man gyaɗa ake narka maganin, don haka wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ba a yi masa. Ba a haɗa shi da maganin ƙarin jini mai ƙarfe, domin haɗuwarsu guba ce, alhali yawancin yaran da dalma ta kama suna da ƙarancin jini. Mafi girma, yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini ga masu ƙarancin sinadarin G6PD, halittar da ta yawaita a Nijeriya musamman ga maza, kuma iyaye da yawa ba su san ɗansu na da ita ba. Ga kuma wahalar samu: kamfanin Akorn da ke yin sa a Amurka ya rufe a 2023. Idan asibiti na da shi kuma likita ya ga halin ya kai, ba laifi. Amma kada iyali su ɓata kwana biyu suna cigiyar BAL alhali ga EDTA da succimer a hannu.

Penicillamine ba zan daɗe a kansa ba. Asalinsa maganin cutar Wilson ne, mai tara tagulla a jiki, tun 1956. Yana fitar da dalma, amma a hankali, sai an yi makonni ko watanni ana sha, cikin da ba abinci, kuma illarsa ga ƙoda da ƙwayoyin jini da fata ta fi ta succimer yawa. Mai rashin jituwa da penisilin sai an yi hattara da shi. Wurinsa ɗaya ne: yaro na bukatar magani, ba ya cikin haɗari na gaggawa, succimer kuma ya gagara samuwa ko jiki ya ƙi shi. A hakan ma sai da gwajin jini da fitsari a kai a kai.

To ga yadda nake ganin zaɓin idan aka haɗa shi wuri guda. Yaron da ya kai 45, yana cikin hayyacinsa, yana ci yana sha, succimer, a gaban idon ma'aikaci. Wanda ya haura 70, gadon asibiti, likita ya zaɓa tsakanin succimer da EDTA ko ya haɗa su gwargwadon abin da ya gani. Mai jijjiga ko suma, EDTA ta jijiya ba tare da jinkiri ba, da abokin haɗinsa. Mu Hausawa muna da son allura da ƙarin ruwa, muna ganin su ne magani mai ƙarfi, ƙwaya kuma ta masu ƙaramin ciwo ce. A wannan ciwon wannan tunani na iya cutar da yaro, domin wanda kafso ya ishe shi ba shi da ribar da zai samu a jefa ƙodarsa cikin haɗari.

Sai abubuwan da ake sayarwa ko ake ba da shawara a madadin waɗannan. Masu walda da masu batir sun saba shan madarar gwangwani bayan aiki da sunan tana wanke ƙirji. Madara da nono abinci ne masu kyau, calcium ɗin da ke cikinsu na rage yawan dalmar da hanji zai zuƙa, amma ba sa fitar da wadda ta riga ta shiga. Haka zogale, wake, ƙwai, hanta da kifi: a ba yaro su ƙwarai, suna cike gurbin da dalma ke samu ta shiga, sai dai ba su maye gurbin magani ga mai lamba 60. Gawayi ba ya kama dalma. Garin wankin jini da shayin fitar da guba da ake tallatawa a Facebook da TikTok ba su da wata hujja, kuma wani haɗin gargajiya ko na ƙetare shi kansa an sha samun dalma a cikinsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron da ke jijjiga a ce iska ce, a yi ta hayaƙi har kwana biyu. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti, kuma a gaya wa likita sana'ar mai gida ko da bai tambaya ba. Jimla ɗaya, "Likita, babansa haƙar zinare yake yi," ko "a gidanmu ake fasa batir," tana iya sa a yi gwajin da ba a yi niyya ba.

Duk wanda aka zaɓa cikin huɗun, akwai abin da zai faru bayan an gama, kuma gara iyaye su sani tun farko. Dalmar da ke yawo a jini kaɗan ce. Yawancinta na kwance a ƙashi, kusan kashi 70 bisa ɗari a jikin yaro, fiye da kashi 90 a jikin babba, kuma a can tana iya shekaru gommai. Magani na kwashe ta jini, sai ta ƙashi ta tsattsafo ta cike gurbin, kamar rijiyar da aka kwarfe da yamma aka tarar ta taru da safe. Shi ya sa lamba kan sake hawa bayan mako biyu zuwa uku, kuma wasu yaran Zamfara sai da aka yi musu zagaye da yawa. Hawan nan ba ya nufin maganin jabu ne.

Amma idan yaron ya koma tsakar gidan da ƙurar take, to wannan wani hawan ne daban, kuma ba maganin da zai iya da shi. Wannan ne ya sa a Zamfara aka kafa sharaɗin sai an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa kafin a ɗora yaran ƙauye a kan magani na tsawon lokaci. Bagega, wadda ta fi sauran ƙauyukan girma, ta jira har 2013 kafin kuɗin gwamnatin tarayya su fito a share ta, yaranta na zaune cikin dalma duk tsawon wannan jira. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. A matakin gida guda, abin da ake bukata a bayyane yake: a daina daka ko niƙa dutse a gida, kada a yi shi a turmin abinci ko injin niƙan hatsi, mai aikin ya yi wanka ya canza kaya kafin ya shigo, a wanke kayansa daban, a yayyafa ruwa kafin shara, a wanke hannun yara kafin cin abinci, a ajiye kwallin dutse. Idan gidan ba zai gyaru da wuri ba, a kai yaron gidan kakanni ya ƙarasa maganinsa a can. Idan kuma hoto ya nuna ya haɗiyi wani abu na dalma yana cikin hanji, sai an fitar da shi.

Manya lissafinsu ya ɗan bambanta. Mai gyaran batir da ke fama da murɗar ciki, taurin bayan gida, kasala da rashin ƙarfin wuyan hannu, abu na farko shi ne ya bar wurin aikin na wani lokaci, kuma sau da yawa lambar kan sauka da kanta. Ana kai wa ga magani ne idan lambar ta yi sama sosai ko alamun sun yi tsanani, kuma succimer ko EDTA ne a nan ma. Babban kuskure shi ne mutum ya riƙa shan maganin yana ci gaba da aikin, da sunan kariya. Akwai kuma waɗanda rashin tsaron yankinmu ya bar wa harsashi ko ɓarɓashinsa a jiki. Wanda nasa ke kusa da gaɓa ko cikin ƙashi ya kamata a riƙa gwada jininsa, domin ruwan gaɓa na narkar da dalma a hankali, kuma idan lamba na hawa, shawarar likitan tiyata ta riga ta magani.

Mace mai ciki ita ce shawararta ta fi wuya. Ciki da shayarwa na sa ƙashi ya saki calcium, dalmar da ta kwanta tun tana yarinya ta biyo shi, ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. Ana ba ta ƙarin calcium, a raba ta da tushen dalmar. Idan dalmar ta taɓa ƙwaƙwalwarta, ana yi mata magani ko cikin wata nawa ne, domin ranta ake ceto. In ba haka ba, likitoci na kaffa-kaffa da watanni ukun farko, lokacin da gaɓoɓin jariri ke haɗuwa, sai su auna lambarta da watannin cikin kafin su yanke. Duk matar da aka samu da dalma mai yawa, a gwada jinin jaririnta da zarar an haife shi, a kuma gwada sauran yaran gidan ko da ba wanda ya nuna alamar ciwo.